Duwatsun Gurma da Jan Ruwan Yamai

Duk wanda ya tsaya bakin kogi a Gamkalley ya dubi kudu maso yamma, bayan ruwa da gonakin shinkafa da rufin kwanon Harobanda, zai hangi duwatsu uku a jere, kawunansu a baje. Faransawa suka sa musu Trois Sœurs, 'yan'uwa mata uku, sunan kuma ya shiga taswira da bakin 'yan lakwal. A gidanmu duwatsun Gurma ake ce musu, domin mutanen kogi tun da can Gurma suke kiran wancan hayin, wannan da muke zaune kuwa Hausa. Ba dogaye ba ne. Wanda ya san Bagzan ta ƙasar Abzin, inda ƙololuwa ta kai mita 2,022, ba zai yarda a kira su tsaunuka ba. Mai ƙafa lafiya in ya bar Gamkalley bayan sallar asuba, ya ƙetare gada ta biyu, ya ratsa unguwannin Harobanda har inda gidaje suka fara ƙarewa, zai hau ya sauko ya dawo gida ya tarar da azahar. Amma duk faɗin Yamai ban ga wurin da ya kai su nuna wa mutum yadda garin nan ya ginu ba, da dalilin da ya sa kogin Isa, wanda iyayenmu suka zauna lafiya da shi, yanzu yake shigo mana har cikin ɗaki.

Ni ɗan majemi ne. Mahaifina daga yankin Madawa ya zo, ya zauna a majemar da ke bakin kogi nan Gamkalley, inda har yau ake jiƙa fata a ramuka, a tuje gashi da toka, a jeme da bagaruwa, a shanya bisa ƙasa. Muna yara duwatsun nan alama ce kawai. Rana a wajensu take faɗuwa, in ta kusa taɓa su a fara tattara fatu. Babu wanda na sani a unguwarmu da ya taɓa zuwa can don ya hau. Da na tambayi Baba ko ya taɓa hawa, cewa ya yi mai sana'a ba ya hawan dutse sai in akuyarsa ta ɓata. Ba raini ba ne ya sa ya faɗi haka. A garinsu dutse wurin wahala ne, can ake neman itace, can ake bin dabba, mutum bai ƙara wa kansa da gangan.

Hawan yana da kashi uku, kowane kashi kuma da zamaninsa. Da farko rairayi ne mai cin ƙafa, wanda ruwa ya wanko daga sama. Sai gangare mai tsakuwa da fararen yumɓu da jajaye a jere hawa-hawa, nan ne ake haki, nan ne kuma takalmin roba ke kayar da mutum. Daga ƙarshe sai ka tarar da marmara, baƙa-baƙa mai jan ciki, ta yi wa dutsen hula, wani wuri sai ka sa hannu kafin ka haye. Da ka miƙe tsaye a sama abu na farko da ido ke lura da shi shi ne kan dutsen da kake kai, da na biyun da ke kusa, da dogon tudun da ya miƙe wajen hanyar Sayi, duk kusan tsayinsu ɗaya. Asali shimfiɗa ɗaya ce. Kogi da ƙoramu suka yi ta cinta shekaru aru-aru, inda marmara ta yi kauri ya tsira, sauran ya tafi. Kamar tudun shaida ne da masu haƙar ƙasar gini ke bari a tsakiyar rami, don mai aiki ya auna zurfin abin da aka kwashe.

Masana ƙasa sun karanta waɗannan hawa-hawan. Can ƙasa, inda kogi ke tonowa da rani, akwai tsohon dutse mai tauri na yankin Liptako, wanda shekarunsa suka kai wajen biliyan 2. Gabas da mu kuwa wani babban kwari ne da suke kira Iullemmeden, Yamai tana bakinsa na yamma. Tsakanin shekaru miliyan 100 da miliyan 50 da suka wuce wani reshen teku ya ratso Sahara ya kwanta cikin kwarin nan. Mu da kayanmu sai sun yi tafiyar kilomita wajen 1,000 daga Kwatano ko Lome kafin su iso, ƙasarmu ta taɓa zama gaɓar teku. Shaidar tana Adar. Baba ya ce suna yara suna tsintar katantanwa da ta zama dutse a kan tudu, inda ko rijiya babu, kuma farar ƙasar da masana'antar Malbaza ke ƙonawa ta yi siminti, kwancen wancan tekun ne. Bayan ya janye ne koguna da tafkuna suka jibge yumɓu da rairayi da tama a nan wajenmu, daga baya damina da rani suka gasa saman ya zama marmara.

Tamar nan ita ce ta fi ɗaukar hankalina. A gefen gangaren za ka ga wani ja-jan dutse mai ƙananan ƙwayoyi zagayayyu manne da juna, in ka murza shi ya bar maka jan gari a yatsa. Irinta ce ke kwance da yawa a yankin Sayi, inda ake lissafinta da ɗaruruwan miliyoyin tan, ko da yake har yau ba a kafa ma'adinin da ke haƙarta ba. Magabata ba su jira kamfani ba. A wajen Saga Gorou, gabas da gari, a wannan hayin namu, masu bincike na Nijar da na Faransa sun ƙirga dubban wuraren da aka narka tama, tsakanin ƙarni na 4 da na 14. Murhun ba na dindindin ba ne. A haƙa rami, a gina yumɓu a kai, a zuba gawayi da tama, a hura wuta, ƙarfe ya taru, kashin tama ya gangara cikin ramin ya daskare. In an tashi wani narkin sai a gina sabo a gefe. Shi ya sa manomi ke tuntuɓe da waɗannan baƙaƙen dunƙule a gonarsa bai san ko mene ne ba. Duk wanda ya taɓa zama kusa da maƙera ya san yawan gawayin da ƙarfe ke ci. Ke nan saran itace a tudunan nan ba jiya aka fara shi ba. Bambancin shi ne mutanen wancan zamani kaɗan ne, aikinsu ya bazu cikin shekara dubu, daji yana samun sararin mayar da abin da aka ɗiba.

Kafin masu tama ma akwai mutane. A Kirkissoye, nan ƙarƙashin idonka in kana sama, an tono kayan zamanin da ake aiki da dutse, da fasassun tukwane, aikin da Robert Vernet ya yi rubutu a kai. Sama kaɗan da gari a hayin Gurma, a Kareygorou, Boubé Gado ya tono gumakan yumɓu. Shi ne kuma a 1983 ya haƙa maƙabartar Bura, wajen Tera, wadda aka gano a 1975, mai ɗauke da tulunan binne mamata da siffofin mahaya doki, daga ƙarni na 3 zuwa na 13. Da duniya ta ga kayan Bura sai masu saye suka taso, aka yi ta tone wurare da dare ana fitar da su Turai. Abin yana ci mini rai, domin abin da aka tone ba bisa ƙa'ida ba, ko an dawo da shi, ba ya iya faɗin inda ya kwanta da abin da ke kusa da shi.

A ƙasar Hausa dutse irin wannan ba baƙo ba ne. Dala ta Kano ma marmara ce mai kai a baje, kuma an sami shaidar narka tama a wajenta tun ƙarni na 7. Tarihin Kano ya ce Barbushe ne ke hawa wurin Tsumburbura, jama'a na jira a ƙasa. Dogon Dutse ta Arewa da dutsenta aka san ta, haka Kufena a Zazzau, haka Kwatarkwashi. Inda dutse ke da ruwa mutane sun zauna gindinsa, sun fake a kansa ranar yaƙi. Namu uku ba ruwa a kansu, kogi kuma yana kusa, don haka zama ya tsaya a bakin ruwa. Goudel da Gamkalley da Saga a wannan hayin, Lamorde ta Fulani a wancan. Gamkalley ta riga birnin Yamai zama, har yau kuma unguwa biyu ce, Golley da Sebanguey, kowace da mai garinta da dattawanta.

Babban gari a wannan yanki a ƙarni na 19 Sayi ce, garin Alfa Mahaman Jobbo, wadda ke bin Gwandu. Nan fataken Hausa masu zuwa Gwanja sayen goro ke fito da jakunansu, su ratsa ƙasar Gurma su nufi Salaga. Nan ne Bajamushe Heinrich Barth, wanda ke kiran kansa Abdulkarim, ya ƙetare kogi a watan Yuni na 1853 zai tafi Tumbuktu, ya kuma dawo a watan Yuli na 1854 ta hayin Gurma daga Gao. Hanyarsa ta bi ta gefen wannan ƙasar tamu, a lokacin da babu abin da zai sa matafiyi ya yi zaton wata rana babban birni zai tsaya a nan.

Faransawa ne suka ga abin da suke so a tudun da ke kallon kogi. A farkon ƙarni na 20 suka kafa bariki a Yamai, suka mai da ita mazaunin kwamandan yankin soja, a 1911 suka ɗauke hedikwata zuwa Damagaram, a 1926 Gwamna Brévié ya dawo da ita. Daga kan dutse tsarin da suka yi a bayyane yake. Ga Plateau mai itatuwa da manyan tituna inda suka zauna, ga kwarin Gounti Yéna da ya raba su da garin baƙar fata. Yunwar 1931, wadda fari suka jawo, ta koro mutanen karkara da yawa zuwa garin, kuma da ƙarfinsu da na 'yan aikin tilas aka yi hanyoyi da gine-gine, har dokar 1946 ta soke aikin tilas. Hanyoyin nan da marmara aka shimfiɗa su. Tun daga ranar aka fara kallon tudu a matsayin kayan gini.

Duk da haka kogi ya daɗe yana kare hayin Gurma. Lokacin samun 'yancin kai a 1960 mutanen Yamai wajen 30,000 ne, kusan dukkansu a wannan gaɓar. Mai son ƙetarewa sai jirgin fito ko kwalekwale. A watan Disamba na 1970 aka buɗe gadar Kennedy, mai tsawon mita 710, daga nan komai ya sauya. Jami'a ta zauna can, wadda a 1992 aka sa mata sunan Abdou Moumouni. Cibiyar AGRHYMET mai nazarin ruwan sama da noma ta biyo a 1974. Farin 1973 da na 1984 suka turo makiyaya da manoman da suka rasa komai, da yawansu suka kafa bukkoki a Harobanda saboda fili ya fi araha. A kan gadar nan ce aka harbi ɗalibai masu zanga-zanga ran 9 ga Fabrairu 1990. Ƙidayar 2012 ta sami mutum 1,026,848 a Yamai. A 2011 aka buɗe gada ta biyu, wadda Sin ta gina, nan kusa da mu, a 2021 aka ƙara ta uku mai sunan Janar Seyni Kountché. Kowace gada ta ƙara matso da gari gindin duwatsun.

Duk wanda ya tashi a Yamai ya san ayarin raƙuma da amalanken jakuna da ke hawa gadar Kennedy da safe, ɗauke da itace da ciyawa. Mun ɗauke shi ado ne na gari, masu ɗaukar hoto na son sa. Da itacen nan aka dafa tuwon da na ci na girma, don haka ba ni da bakin zargin kowa. Amma daga wani wuri yake fitowa. Tudunan da ke kewaye da Yamai suna da wani irin daji na geza da sabara da tsiriri da anza, wanda ke tsirowa layi-layi, faƙo a tsakani. Ruwan da ya zuba kan faƙon sai ya gangara ya shiga layin itacen da ke ƙasa da shi, ganye da saiwa su tare shi, ƙasa ta shanye. In an sare layin, babu mai tare ruwa. Ƙasar ta yi ɓawo, ruwa ya bi ta kai da gudu, ya faɗa gangare, ya tsaga kwazazzabo. Hukuma ta gane haka, tun wajen 1989 aka fito da tsarin kasuwannin itace na ƙauyuka don mutanen wuri su riƙa kula da dajinsu suna cin moriyarsa. Tsarin ya taimaka a wurare masu nisa. Tudunan da ke bakin gari kuwa an riga an aske su.

A kan dutsen yau abin da za ka tarar 'yan guntayen geza ne nan da can, da anza wadda ko akuya ba ta damu da ita ba. Ka leƙa gefe ka ga kwazazzabai sun tsattsaga gangaren, kowane da farin harshen rairayi a bakinsa yana nufar kogi. Ka ga ramukan da katafila ta haƙa a jikin tudunan da ke kewaye, kamiyo na shiga suna fita da jar ƙasa don cikon tituna da harsashin gidaje. Ka ga duwatsun iyakar filaye da aka shafa wa farin fenti suna hawa gangare, wasu a tsakiyar hanyar ruwa.

Kogin Isa a Yamai cika biyu yake yi a shekara, tsofaffin masunta da masu lambu kuma sun san kowanne. Akwai wanda ruwansa ke zuba a tsaunukan Gini da damina, ya bazu cikin fadamun Masina a Mali ya yi watanni, sa'annan ya iso mana cikin sanyi, wajen Disamba da Janairu. Wannan a hankali yake zuwa, ruwansa ya riga ya kwanta, ana ganin tahowarsa tun da nisa, shi ake kira baƙin ruwa. Akwai kuma jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda rafukan hayin Gurma ke kawowa, Gorouol da Dargol da Sirba, da ƙoramun da ke kusa da gari. A zamanin iyayenmu baƙin ruwa ne babba, jan ruwa ɗan somin-taɓi ne. Majema da lambuna da gidajen bakin kogi duk bisa wannan sanin aka kafa su.

A watan Yuni na 1985, bayan shekarun fari, kogi ya daina gudu a Yamai, mutane na takawa da ƙafa. Kowa ya ɗauka matsalarmu ƙarancin ruwa ce, aka yi ta gini a wuraren da tsofaffi suka san na kogi ne. Masu auna ruwa kuwa suka lura da abin mamaki. Ko a shekarun da sama ba ta ba da ruwa da yawa ba, rafukan Gurma suna kawo ruwa fiye da da, saboda ƙasar da ke shanye shi ta mutu. Da damina ta fara dawowa da ƙarfi, da manyan ruwaye masu zuba lokaci guda, sai jan ruwa ya riƙa zarce baƙi. Kuma ba shi kaɗai yake zuwa ba, da rairayi yake tafe. A daminar 1998 ƙoramar Kourtéré, sama kaɗan da gari a hayin Gurma, ta amayo rairayin da ya ci wani babban sashe na faɗin kogin. Cikin kogi na cikewa, ruwa na ƙaruwa, dole ya nemi inda zai kwanta. Aka yi ambaliya a 2010, aka yi wadda ta fi ta a 2012. Ma'aunin kogi a Yamai in ya kai santimita 620 an shiga jan gargaɗi. A watan Satumba na 2020 ya kai 700, abin da ba a taɓa rubutawa ba. Ganuwar ƙasar da ke kare Lamorde ta ɓalle, ruwa ya shiga Karadjé da Kirkissoye, a wannan hayin ma ya shiga Saga, shinkafa ta nutse, iyalai suka koma kwana cikin azuzuwan lakwal.

Mu ma bai bar mu ba. Da dare muka yi ta kwashe fatu daga ramukan jima muna kaiwa tudu, waɗanda ke cikin toka ba su ɗaukuwa, ruwa ya tafi da wasu, sauran suka ruɓe. Buhunan bagaruwa da aka saya da bashi suka jiƙe. Wani dattijon maƙwabcinmu, Bazabarme da ya yi shekara da shekaru yana su, ya tsaya yana kallon launin ruwan ya ce da ni, ɗana, wannan ba ruwan Mali ba ne, ƙasar Gurma ce ta taso ta zo mana. Gaskiya ya faɗa. Jan da ke cikin ruwan nan jikin tudunan ne.

Kada a ɗauka duwatsu ukun nan su kaɗai suka jawo ambaliya. Su ƙanana ne, abin da ke faruwa ya miƙe tun daga nan har cikin Burkina. Amfaninsu shi ne sun tattara labarin wuri ɗaya, inda mutum zai gani da idonsa cikin safiya guda: ga kan tudu da aka sare, ga kwazazzabo, ga rairayi, ga kogi, ga rufin gidansa. Hukumar kula da kogin ta ƙasashe tara, wadda mazauninta ke nan Yamai, ta yi ayyukan yaƙi da cikewar kogi da rairayi. An aza harsashin madatsar Kandaji a 2008, har yanzu ana jiran ta. Ko ta ƙare, tana can sama da bakin Dargol da Sirba, ke nan jan ruwansu ba zai bi ta kanta ba.

Hawan dutse don sha'awa kuwa sabon abu ne a wurinmu. Bahaushe ya san hawan Jabalun Nur a Makka, inda alhazai masu ƙarfi ke haurawa su ga kogon Hira, amma wannan ziyara ce. A garuruwan bakin teku abin ya daɗe da zama al'ada. A Buea ta Kamaru tun 1973 ake tseren hawan dutsen da ya haura mita 4,000, mutanen Kef ta Afirka ta Kudu kuma suna hawa dutsensu mai kai a baje su sauko a yini ɗaya. A Yamai nasara ne suka fara, ma'aikatan ofisoshin jakadanci da ƙungiyoyin agaji, su zo da motoci ranar Asabar da la'asar, su hau su kalli faɗuwar rana. Yaran ƙauyukan kusa na bin su suna mamaki. Bayan sace Faransawa biyu cikin gari a watan Janairu na 2011, da kisan da aka yi a Kouré ran 9 ga Agusta 2020, sai fitarsu bayan gari ta yi wuya, bayan juyin mulkin Yuli 2023 kuma da yawa suka tafi. Yanzu waɗanda nake tararwa a can 'ya'yanmu ne. Ɗaliban jami'a, 'yan fada da suka haɗa kuɗin shayi da burodi, masu motsa jiki, 'yan mata cikin hijabi da takalmin ƙwallo suna ɗaukar hoto da salula. Ina murna da su ƙwarai. Abin da ke damuna ledar ruwa da suke bari a sama, da kuma yadda mafi yawansu gari kawai suke kallo, ba sa duban abin da ke ƙarƙashin ƙafarsu.

Mutanen Saliyo sun ga ƙarshen irin wannan sakaci. Ran 14 ga Agusta 2017, bayan ruwa mai yawa, gefen dutsen Sugar Loaf da ke bayan Firitawun ya zabtaro kan gidajen da aka gina a gangarensa bayan an sare dajin, mutum fiye da 1,000 suka mutu ko suka ɓace. Namu ba su da tsayin da za su yi irin wannan, ɓarnarsu a hankali take zuwa, ta hanyar rairayi. Amma gidan da aka gina a bakin kwazazzabo ruwan dare ɗaya ya ishe shi.

Maganin kuma ba daga waje za a koyo shi ba. A ƙasar su Baba, a Keita, tun 1984 aka yi aikin farfaɗo da tudu da gangare, mata ne ma suka fi yawa a ciki. Aka jera duwatsu bisa layin da ruwa ke bi, aka haƙa ramukan rabin wata, aka datse ƙoramu da ƙananan shingaye, aka dasa itace. Wanda ya je Adar ya ga wuraren da suka zama faƙo sun sake yin ciyawa. A tudunan kewayen Yamai ma an yi irin wannan nan da can, inda aka tsare wurin daga sara da kiwo na 'yan shekaru geza ta dawo. Inda aka gama aiki aka watse ba mai tsaro, damina biyu ta shafe shi.

Abin da nake roƙon hukumar da'ira ta biyar ta Yamai da sarakunan gargajiya na Harobanda bai fi ƙarfinsu ba. A shata iyakar duwatsun nan uku da gangarensu a rubuce, a hana yanka filaye da haƙar marmara a ciki, a ba samarin ƙauyukan da ke gindinsu aikin tsaro da jagorar masu hawa, a riƙa biyansu daga ɗan abin da masu zuwa za su bayar. Malaman lakwal na Gamkalley da Saga kuma su riƙa kai yara, tsakanin Nuwamba da Fabrairu lokacin da rana ba ta da zafi, a zaɓi ranar da ba hazo, kowa da gorar ruwansa da takalmi mai rufe ƙafa. A bar su su murza tama da yatsa, a nuna musu Kourtéré da gadoji uku da majema, a sa kowane yaro ya bi kwazazzabo ɗaya da ido tun daga inda ya fara har inda ya faɗa kogi, ya kuma faɗi unguwar da ke ƙasa da wurin.